Mahaukaci Ma Ɗan Wani Ne

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai, ma'aikacin jinya mai ritaya, ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

 

Shugaban wannan zama, iyayenmu malamai waɗanda Allah ya ja kwanansu har suka ga furfurar ɗalibansu, shugabannin ƙungiya, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikin malamai da ɗalibai, Allah ya jiƙansu, ya kyautata namu zuwan.

Da sakataren ƙungiya ya aiko mini da takarda cewa ni ne zan yi jawabi bana, sai na yi dariya, domin duk wanda muka yi aji ɗaya da shi ya san ban taɓa cin muhawara ba ko sau ɗaya. Na tambaye shi a kan me zan yi magana, ya ce a kan aikin da na ƙare rayuwata a ciki. To, aikin nan kun san shi, tunda har yau wasunku ba su daina kirana likitan mahaukata ba. Ni ba likita ba ne, ma'aikacin jinya ne, amma na karɓi sunan. Abin da na zo da shi yau labarin mutum ɗaya ne, da yadda muka bi sawun danginsa har Malisa da Kalgo. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma na sauya wasu abubuwa don kada a gane gidan, saboda amana ce.

Na yi aiki a wani asibitin masu taɓin hankali da ke wata jiha can gabas, nesa da nan. Lokacin da aka mayar da ni ɗakin maza na waɗanda suka daɗe, na tarar da wani dattijo da kowa ke kira Baƙo. 'Yan sanda ne suka tsince shi a wata tasha suka kawo shi, kuma lokacin da na same shi ya shekara goma sha biyar a gado ɗaya. Babu wanda ya taɓa zuwa duba shi. Ranar Sallah idan 'yan'uwan majinyata suka cika harabar da kwanuka, shi sai ya koma bayan ɗaki ya zauna. Magani ya riga ya kwantar masa da ciwon tun da daɗewa, ba ya duka, ba ya zagi, yana sallarsa. Likita ya sha rubuta cewa ana iya sallamarsa, amma a sallame shi zuwa ina?

Na ɗauko fayil ɗinsa. Shafin magani ya cika ya tumbatsa, amma shafin farko, inda ake rubuta sunan uba da gari da ɗan'uwa mafi kusa, fayau yake. Kalma ɗaya kawai na gani a gurbin sunan mahaifi, da tawada da ta dusashe: Malisa. Ma'aikatan can duk sun ɗauka sunan ubansa ke nan. Ni kuwa gabana ya faɗi, domin a ajinmu akwai 'yan Malisa, ga biyu daga cikinsu ina hange a layi na uku. Abin da nake zato shi ne, ranar da aka kawo shi an yi ta yi masa tambayoyi, shi kuma ya amsa wadda ya fi ganewa, ya faɗi garinsu, magatakarda ya rubuta a inda bai kamata ba. Shekara goma sha biyar amsar tana bisa bangon fayil, babu wanda ya san amsa ce.

Na tarar kuma an taɓa tambayarsa jiharsu, ya ce Sakkwato. Bai yi ƙarya ba. Lokacin da ya bar gida ba a ƙirƙiro Jihar Kebbi ba, sai a 1991, Zamfara kuma sai a 1996. Sakkwaton da ya sani ta haɗa dukansu, wanda kuwa aka ce ya nemo gida ɗaya a cikin wannan faɗin ƙasa ai an ba shi aikin neman allura cikin ruwa.

A nan zan tsaya in gode wa malaminmu na tarihi, ga shi nan zaune, Allah ya ƙara lafiya. Malam, ko kana tune da aikin hutun da ka ba mu muna aji uku? Ka ce kowa ya je wurin tsoho mafi shekaru a gidansu ya rubuto kakanninsa har inda aka iya tunawa, ya rubuto sana'arsu da inda suka taso. Ka ce mana mutum yana ɗauke da tarihinsa a bakinsa da fuskarsa da hannunsa, ko bai iya karatu ba. Mun yi ta gunaguni a lokacin. To, da wannan darasin na yi aiki.

Na fara da bakinsa. Wata safiya maimakon in gaishe shi da Hausar can, sai na gaishe shi da irin tamu, na ce masa, "Baba, yaushe kaz zaka garin ga?" Ya ɗago kai ya dube ni irin duban da bai taɓa yi mini ba. Ya ce, "Tun da anka yi hwari munka taso." Jama'a, wanda ya ce anka da munka da hwari, ai ba sai an tambaye shi daga wane ɓangaren ƙasar Hausa ya fito ba. Farin da yake nufi kuma na gane na 1984 ne, wanda da yawanmu muna tune da shi. Na ambaci Gwandu, ya ce nan ne hubbaren Malam Abdullahi. Na ambaci Kambaza da Dalijan da Maruda, yana gyaɗa kai. Da na ce Malisa, sai ya yi shiru, ya juya fuska bango. Ranar bai ci abinci ba.

Sai hannunsa. Akwai wani abu da yake yi kullum da hantsi: ya zauna ƙasa, ya riƙa danna hannun dama da na hagu bi da bi, kamar mai tausa. An rubuta a fayil cewa alamar ciwo ce. Da na lura da tabon ƙuna ƙanana birjik a damatsansa, sai na tuna maƙerar unguwarmu muna yara. Mutumin nan zuga yake yi. Hannunsa bai manta da zugazugi ba. Na kawo masa tsohuwar lauje daga lambun asibiti, ya jujjuya ta, ya gwada kaifinta da babban yatsa, ya ce wanda ya ƙera ta bai iya ba. Yanzu ina da gari, ina da sana'a, ina da shekarar fita.

Da na sami hutu na nemi izinin babban likita, na nemi yardar shi Baba ɗin kansa, na ɗauki hotonsa, na kamo hanya. Na sauka Birnin Kebbi na gaida tsofaffi, washegari na nufi Gwandu, daga nan ɗan kabu-kabu ya kai ni Malisa. Ban tafi kai tsaye gidan kowa ba. Na fara da gidan maigari, domin baƙo ba ya shiga gari ta bayan gida. Aka haɗa ni da wani dattijo ya raka ni wurin maƙera. Muka yi sallama, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa. Na ce ina cigiyar wani ɗan gidan maƙera da ya fita bayan fari bai dawo ba. Na miƙa hoto. Maigidan, wani tsoho mai yawan shekaru, ya karɓa ya duba, na ga hannunsa yana rawa. Ya mayar mini ya ce, "Yaro, mu ba mu da wanda yaɓ ɓace." Na nemi ya lissafa mini 'ya'yan yayansa marigayi, ya lissafa huɗu. Na yi godiya na tashi.

Ina tsaye bakin hanya ina jiran abin hawa, sai ga wata yarinya da tallan gyaɗa. Ta ce wata tsohuwa ce ta aiko ta, wai in tafi Kalgo in tambayi wance matar wane, amma kada in ce daga gidan aka turo ni. Har yau ban ga fuskar tsohuwar nan ba. Allah ya saka mata.

A Kalgo na sami matar. Mijinta ya yi mini iso har zaure, ita kuma ta tsaya daga bakin ƙofa. Da aka miƙa mata hoton ba ta dubi fuskar ba, tsufa ya sauya ta. Kunnen hagu ta duba, inda akwai wata 'yar tsaga. Ta ce ita ce sanadin tsagar nan, suna yara ta jefe shi da sakaina. Ta durƙushe tana cewa, "Yaya na da rai! Yaya na da rai!" Mun ɗauki lokaci kafin a iya magana.

Daga bakinta na ji sauran labarin. Su biyar ne wurin ubansu, ba huɗu ba. Yayanta ya gaji ƙira, ya yi aure, an haifa masa 'ya mace. Bayan fari, aikin ƙira ya tsaya saboda manomi ba ya sayen fartanya alhali babu abin nomawa. Ya daina barci, ya fara cewa yana jin muryoyi, yana zargin ana sa masa abu a abinci. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka kai shi wurin masu iskoki, daga baya aka sa shi a turu a ɗakin baya. Cikin wannan hali aka fasa auren wata 'yar gidan, dangin mijin suka ce gidan akwai hauka. Sai baffansu, wato tsohon da na gani a Malisa, ya ce zai kai shi neman magani wani gari mai nisa. Bayan kwana goma ya dawo shi kaɗai, ya ce ya kuɓuce masa a tasha. Ko kuɓucewa ya yi ko barinsa aka yi, Allah ne masani, ni ban je don in yi shari'a ba. Da shekara ta zagayo aka ce ya mutu, aka yi sadaka. Matarsa ta yi wani aure. Gonarsa ta shiga hannun 'ya'yan baffan. Ba a yi masa takwara ba, kuma aka daina kiran sunansa a gidan.

Na ce mata ko an taɓa samun mai irin wannan ciwo a gidan kafin shi. Ta yi jim, sannan ta ce kakarta ta taɓa gaya mata a ɓoye cewa kakansu yana da ƙane wanda aka ce iskoki sun ɗauke shi. Shi ma idan ana lissafin kakanni tsallake shi ake yi. Kun ga ke nan a gida ɗaya an share mutum biyu daga tarihi. Malam, ka koya mana mu rubuta abin da tsofaffi suka faɗa. Aiki ya ƙara mini darasi ɗaya: a saurari inda suka yi shiru.

Kafin in ɗora laifi a kan tsohon nan, na tambayi kaina abin da ya firgita shi. Tsoron gado ne. Mu Hausawa idan za a yi aure ana binciken asali, kuma cikin abubuwan da ake tambaya har da hauka. Don haka bari in gaya muku abin da likitoci suka sani game da irin ciwon Baba, wanda suke kira sikizofireniya. A cikin jama'a, kusan mutum 1 cikin 100 ne ke kamuwa da shi a tsawon rayuwa. Idan ɗaya daga cikin iyaye yana da shi, kusan 10 cikin 100 na 'ya'yan ne ke kamuwa. Gaskiya ne akwai gado a ciki, ba zan ɓoye muku ba. Amma ku juya lissafin: 90 cikin 100 lafiyarsu ƙalau. Idan kuwa aka koma ga 'ya'yan baffa da jikoki, abin yana ƙara raguwa. Mafi yawan waɗanda na yi jinyarsu ma babu wani mai ciwon a iyayensu. Hawan jini da ciwon suga su ma suna bin jini, ban taɓa jin an share sunan wani daga zuriya saboda su ba.

Kuma ɓoyewar tana cutar da na baya. Likita yana tambayar tarihin iyali ne domin ya gane ciwon da wuri. Da gidan nan sun san labarin ƙanen kakansu a fili, wataƙila da Baba ya fara rashin barci an nufi asibiti da shi maimakon turu. Maganin irin wannan ciwo ya samu tun 1952, lokacin da aka fara amfani da ƙwayar Largactil a Faransa, daga baya kuma aka samu allurar da ake yi wata-wata. Ba ya warkar da kowa sarai, kuma yana da nasa wahalhalun, amma yana mayar da mutane da yawa gona da kasuwa da masallaci.

Batun cewa dangi na cikin magani kuwa, ɗan ƙasar nan ne ya nuna wa duniya shi. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle majinyaci, sai a sauke shi a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin tare da wani ɗan'uwansa, uwa ko 'yar'uwa ko goggo, mai dafa masa abinci yana kula da shi, da rana ya je a duba shi. Tsarin ya yi suna ƙwarai, shi kuma Lambo daga baya ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Kafin wannan, abin da Turawan mulki suka bari shi ne gidajen tsare mahaukata irin na Yaba da aka buɗe a 1907, da dokar da ta ɗauki mai taɓin hankali kamar abin da za a kawar daga idon jama'a. Dokar 1958 ta daɗe tana aiki, sai a farkon 2023 aka sanar da sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta amince cewa majinyacin yana da haƙƙi kamar kowa. To amma doka ba za ta shiga mota ta je Malisa neman dangin wani ba. Wannan aikin mutane ne.

Bari in ƙarasa labarin. Ƙanwar da mijinta suka bi ni har asibiti. Da ta shiga ɗakin ta durƙusa ta ce, "Yaya, ina wuni?" Ya daɗe yana kallonta, sannan ya kira ta da sunan da uwarsu kaɗai ke kiranta da shi, ya tambaye ta ko Inna na nan. Inna ta shekara takwas da rasuwa. Ma'aikatan da suka shekara goma sha biyar suna ce masa Baƙo, ranar suka fara jin sunansa na yanka.

Dawowarsa ba ta zo da sauƙi ba, kada in yi muku daɗin baki. Aka zauna gaban liman da maigari a kan gona. Liman ya bayyana cewa a mazhabarmu ta Malikiyya matar wanda ya ɓace tana kai ƙara wurin alƙali, a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba, amma dukiyarsa ba a raba ta sai an kai shekarun da ake ganin irinsa ba ya wuce su. Ya ƙara da cewa gushewar hankali ba ta hana mutum gado ko mallaka, sai dai a naɗa mai kula masa. Aka mayar masa da gonar, ƙanensa ya zama mai kula. Maganar auren matar aka bar wa malamai, shi ma Baba ya ce ba ya neman tayar da zaman kowa. 'Ya'yan baffan sun daina amsa gaisuwata. Wani saurayi da ke neman wata yarinya a gidan ya janye da ya ji labari. Na daɗe ina jin nauyin wannan a zuciyata, sai da na ji ta auri wani wanda ya san komai ya ce ya ji ya gani.

'Yarsa kuwa, wadda aka gaya wa tun tana ƙarama cewa marainiya ce, ta zo da goyo. Ba su san juna ba, suka zauna shiru kamar baƙi. Ita ce daga baya ta riƙe katin asibitinsa, take tuna ranar allura. Ɗanta na biyu sunan Baba aka sa masa. Ya shekara tara a gida, yana zama maƙera yana yi wa yara zuga, har Allah ya karɓi abinsa. An yi masa sallah a garinsu, aka rufe shi kusa da iyayensa. Baffan ya riga shi rasuwa, amma an ce kafin ya cika ya sa an kira masa shi, suka keɓe su biyu. Abin da suka faɗa wa juna babu wanda ya ji.

'Yan'uwa, ga roƙona. A cikinmu akwai alƙalai, akwai 'yan sanda, akwai malaman makaranta, akwai masu sarauta da ma'aikatan ƙananan hukumomi. Wanda duk aikinsa ya haɗa shi da mai taɓin hankali da aka tsinta, ya daure ya rubuta duk kalmar da ta fito daga bakinsa, sunan gari ne ko na kasuwa ko na mutum, ya rubuta tsagar fuskarsa da tabon jikinsa da irin Hausarsa. Wanda ke da mara lafiya a gida ya kai shi asibiti da wuri, ga manyan asibitocin Birnin Kebbi, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ta Jihar Sakkwato. Idan an kwantar da shi a bar suna da gari da lambar waya na gaskiya, kuma a riƙa leƙa shi ko da da ƙullin goro ne. Masu zuwa binciken aure, ku tambayi likita kafin ku yanke hukunci a kan gida guda.

Ga ƙungiya kuma ina da shawara. A kafa ɗan kwamiti na mutum uku ko huɗu, ya rubuta wa asibitocin ƙwaƙwalwa cewa duk lokacin da suka sami majinyaci mara dangi wanda bakinsa ya nuna ɗan ƙasar Gwandu ne, su tuntuɓe mu. Kusan babu gundumar da ba mu da tsohon ɗalibi a cikinta, daga Masama har Diggi. Abin da ya ci mini hutu guda da kuɗin mota, yau da waya a hannun kowa ana iya gama shi cikin mako, muddin an kiyaye sirrin mutane ba a watsa hotunansu ba. Idan an kafa kwamitin, a fara rubuta sunana.

Daga ƙarshe, kowa idan ya koma gida ya sake yin aikin hutun Malam. Ya zauna da tsohuwar da ta rage, ya lissafa 'yan gidansu, idan ya ga lissafi bai cika ba ya tambaya a hankali.

 Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, kuskuren da ke ciki ku yafe mini. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya bar zumunci, ya mayar da kowa gidansa lafiya.